Sanyin Teku da Sanyin Hamada: Tarihin Inabi Kafin Ya Iso Kewayen Zariya

A watan Mayun 1824, matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya yada zango a birnin Katsina a kan hanyarsa ta komawa Borno, bayan ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. A cikin labarin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, ya lissafa 'ya'yan itatuwan da ake samu a garin: ɓaure, da rumman, da lemun tsami, da dangin kankana. Sai ya ƙara da wani zance da aka ba shi, cewa a da inabi ya wadata a Katsina, amma an sassare itatuwansa lokacin da mayaƙan jihadi suka ci birnin.

Bayan shekara 200, inabi ya dawo ƙasar Hausa ta wata ƙofar. A yau ƙaramar hukumar Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunkuyi, maƙwabciyar Sabon Gari ta arewa, ita ake kira cibiyar noman inabi ta Najeriya. Duk wanda ke bin hanyoyin Zariya da rani ya saba ganin nonnan inabin gida a faifan 'yan talla, kusa da karas da latas. Labarin ribar da ake samu ya kai kunnen masu lambun Bomo, waɗanda suka gaji noman rani na tumatir da albasa da kabeji a bakin tafkinsu, ya kuma kai kunnen ma'aikacin jami'a a Samaru da ke tunanin inda zai zuba kuɗin sallamarsa. Kafin ɗayansu ya kafa ginshiƙin farko, akwai amfani ya san abin da wannan itace ya yi wa wasu al'ummomi, domin ya azurta waɗansu, ya kuma bar waɗansu da gonaki marasa mai saye.

Sunan da ya zo da ayari

Kalmar “inabi” ba Bahaushiya ba ce ta asali. Daga Larabci aka aro ta, kamar yadda aka aro “zabibi” ga busasshensa da “rumman” ga ɗan'uwansa na lambu. Wannan kaɗai ya nuna hanyar da itacen ya biyo: ta cikin Sahara, tare da fatake da littattafai. Bahaushe ya san sunan inabi a allo tun kafin ya ɗanɗana shi, domin Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama cikin ni'imomin duniya da na Aljanna. Masu karatun Sira kuma sun san lambun Ɗa'ifa, inda wani bawa Kirista mai suna Addas ya kawo wa Manzon Allah (SAW) nonon inabi bayan mutanen garin sun jefe shi. Shari'a ta haramta abin da ke bugarwa, ta bar ɗanyen inabi da zabibi da ruwan khal a kan halaccinsu. Shi ya sa ƙasashen Musulmi irin su Turkiyya da Iran da Afghanistan suka shahara da inabin ci da na shanya.

Dajin ƙasar Hausa ma yana da nasa dangin. Dafara, wadda magina ke jiƙa saiwarta su samo yauƙin da ake haɗa laso da shi, 'yar gida ɗaya ce da inabi a lissafin masana tsirrai. Faru kuwa, duk da 'ya'yansa na fitowa nono-nono har Turawa na kiransa inabin Afirka, danginsa su ne mangwaro da kashu. Ainihin inabin lambu daga yammacin Asiya ya fito, inda aka haƙo tukwane masu ragowar ruwansa a ƙasar Jojiya da suka kai kimanin shekara 8,000.

Katsina ta ƙarni na 18 ita ce babbar tashar fataken Arewacin Afirka a ƙasar Hausa, don haka ba abin mamaki ba ne a sami inabi a lambunanta; har yau ana nomansa a dausayin Timia, cikin duwatsun Azbin a Nijar. Zancen da Clapperton ya ji ana iya fahimtarsa ta fuska biyu. Mai yiwuwa masu jihadi sun ɗauki itacen a matsayin tushen giya a gidajen masu mulki. Mai yiwuwa kuma ɓarnar yaƙi ce kawai, domin sai da aka yi wa birnin doguwar ƙawanya kafin ya faɗa hannun Ummarun Dallaje a 1807. Ko ta wace fuska aka duba, abu ɗaya ya tabbata game da halin itacen. Gero idan yaƙi ya cinye shi bana, baɗi a sake shukawa. Inabi kuwa sai an yi shekara biyu ko uku ana yi masa hidima kafin ya soma biya, ya kuma ci gaba da biya shekaru masu yawa, in an bar shi a tsaye. Shuka ce ta mutumin da ya amince gonarsa za ta kasance tasa gobe.

Abin da itacen ke nema

Akasarin manyan gonakin inabi na duniya suna tsakanin digiri 30 da 50 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. A can itacen na zubar da ganye ya yi barci da hunturu, ya farka da bazara, ya nuna a ƙarshen lokacin zafi, wanda a yankin Bahar Rum ba a ruwa a cikinsa. Masu yin giyar inabi suna farautar gaɓar teku mai sanyi ne saboda dalili ɗaya: zafin rana na tara zaƙi a cikin ƙwaya, sanyin dare kuma na hana tsaminta ƙonewa, don haka inabin da ya nuna sannu a hankali yakan haɗa zaƙi da tsami da ƙamshi. Wannan ne sirrin yankuna irin su Constantia da Walker Bay a Afirka ta Kudu, inda igiyar ruwan sanyi ta Benguela da iskar kudu maso gabas ke sanyaya gonaki, suna kuma busar da raɓar da ke haifar da fumfuna.

Samaru tana kan digiri 11 ne kacal, nesa ƙwarai da wancan layi, kuma tsakaninta da teku akwai ɗaruruwan kilomitoci. Amma tana bisa tudu mai tsawon kusan mita 700, ruwan samanta na kimanin milimita 1,000 yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, sannan sama ta ɗauke cak. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa daga Sahara, rana ta yi haske, dare ya yi sanyin da kan sauka ƙasa da digiri 15, iska ta bushe har leɓe na tsagewa. Abin da teku ke yi wa manomin Constantia, hamada ce ke yi wa manomin Hunkuyi. Damina ita ce abokiyar gabar inabi a nan, domin laima da ɗumi su ne abincin fumfunar da ke cinye ganye da ƙwaya. Dabarar kenan a tsara aikin yadda itacen zai yi fure ya nuna cikin rani, a shayar da shi da ruwan rijiya ko na tafki.

Afirka ta Kudu: gonar da bayi suka gina

Jan van Riebeeck ya kafa wa kamfanin Holan mai fatauci da Gabas tashar shan ruwa a Cape a 1652. An dasa inabi a 1655, aka matse giyar farko ranar 2 ga Fabrairun 1659. Gwamna Simon van der Stel ya kafa gonar Constantia a 1685, kuma a 1688 Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsanantawar addini suka iso da saninsu na aikin. Wannan shi ne tarihin da ake karanta wa masu yawon buɗe ido, musamman tun 1971 da manoman Stellenbosch suka tsara hanyar ziyartar gonaki, wadda ta mai da kallon gona kansa sana'a mai kawo kuɗi.

Akwai rabin labarin da ba a cika faɗa ba. Hannayen da suka sare daji suka dasa itatuwan na bayi ne da aka kwaso daga tsibiran Indunusiya, da Indiya, da Madagaska, da Mozambik, kuma daga cikinsu al'ummar Musulmin Cape ta samo tushe. Har yau a tsakiyar gonakin Constantia akwai kaburburan malaman Musulunci da Holan suka koro daga Gabas a ƙarni na 17, ana ziyartarsu. Da aka soke bauta a 1834, wata al'ada ta ci gaba: biyan leburan gona wani ɓangare na ladansa da giya. Doka ta hana hakan a 1960, amma al'adar ta daɗe ba ta mutu ba, kuma yankin na cikin wuraren da aka fi samun jariran da shan giyar uwa ya nakasa a duniya.

Sai dai daga wannan ƙasa ne darasin da ya fi shafar Zariya ya fito. A 1886 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya afka wa gonakin Cape, manoma da yawa suka juya ga 'ya'yan itatuwan ci. A 1892 jirgin ruwa mai ɗakin sanyi ya kai kayan lambun Cape kasuwar Landan ba su lalace ba. A 1926 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da ingancin kaya masu saurin lalacewa da ake fitarwa. Inabin da ake gani a yau cikin robobi a manyan kantunan Abuja da Kano, wanda wani kasonsa daga Afirka ta Kudu yake zuwa, ɗan wannan tsari ne: a tsinke shi, a sanyaya shi cikin 'yan sa'o'i zuwa kusan digiri 0, kada sanyin ya yanke har ya isa hannun mai saye. Kakar inabinsu kuma tana faɗowa tsakanin Nuwamba da Afrilu, wato daidai lokacin da na kewayen Zariya ke nuna.

Aljeriya: shuka don bakin wani

Filoksera ya fara bayyana a Faransa ne a 1863, bayan ya biyo tsirrai daga Amurka, ya kuma hallaka babban kaso na gonakin ƙasar kafin a gano maganinsa, wato a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, kamar yadda ake auren mangwaro. Kafin nan Faransa ta juya ga Aljeriya, wadda ta mamaye tun 1830. Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka karɓe ƙasa mai kyau suka cika ta da inabi, har fadin gonakin ya kai kimanin hekta 400,000 a shekarun 1930. Ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne marasa sha ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da giyar inabi, kusan dukanta zuwa Faransa, giyar kuma ta kai kimanin rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa.

Da aka sami 'yanci a 1962, Turawan suka tafi, Faransa ta riƙa tsuke ƙofar kasuwarta. Aljeriya ta gwada sayar wa Tarayyar Sobiyet a farashi mai rauni, abin bai ɗore ba. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Houari Boumediene ta ba da umarnin tumɓuke gonaki masu yawa, dubban leburori suka rasa aiki. Ƙasa ba ta gaza ba, yanayi bai sauya ba. Mai saye ne guda ɗaya, shi kuma ya juya baya. Manomin Zariya ba giya yake nomawa ba, kuma masu cin inabinsa 'yan ƙasarsa ne, wanda hakan babbar kariya ce. Amma duk wanda amfaninsa ke ruɓewa cikin kwanaki kaɗan, kuma dillalai ƙalilan ne ke zuwa bakin gonarsa, yana cikin ƙaramin misalin wannan tarko: ba shi ke yanka farashi ba.

Indiya: yadda aka koya wa inabi zama a ƙasar zafi

Misalin da ya fi kusa da yanayin Zariya yana jihar Maharashtra ta Indiya, musamman kewayen Nashik da Sangli, inda ake damina mai ƙarfi sannan a shiga dogon rani. A irin wannan wuri itacen ba ya samun sanyin da zai sa shi barci, don haka manomi ne ke tsara masa shekara da almakashi. Ana yi masa aski sau biyu. Na farko cikin Afrilu, a datse rassa har kusa da gindin reshe, domin ya fitar da sababbi su ƙosa cikin damina. Na biyu cikin Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, a datse su daidai idon da zai fitar da fure, sau da yawa a shafa wa idon maganin da ke tayar da toho. Bayan kimanin wata huɗu a shiga tsinka. Wannan tsari ne ya buɗe wa inabi ƙofar ƙasashe masu zafi, daga Indiya zuwa kwarin kogin São Francisco a Brazil, kuma a kan irin wannan hikima noman inabin arewacin Najeriya ya dogara.

Abin lura shi ne Indiyawan ba su tsaya ga almakashi ba. Manoman jihar sun kafa ƙungiyarsu tun 1960. A 1991 ƙungiyoyin gama-kai suka haɗu suka kafa Mahagrapes domin mallakar ɗakunan sanyi da neman kasuwa a Turai da ƙasashen Larabawa. A 1997 gwamnati ta buɗe cibiyar binciken inabi ta ƙasa a Pune. Yankin Sangli kuma ya zama matattarar zabibi, yadda idan kasuwar ɗanye ta faɗi, manomi na da inda zai kai amfaninsa a shanya shi ya jira farashi. Ƙananan manoma ne akasarinsu, masu 'yan eka kaɗan, kamar na Kudan.

Samaru da abin da aka gina ta dominsa

A nan tarihi ya dawo gida. Turawan mulki sun kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, shekaru goma sha ɗaya bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, layin da ya haifi Sabon Gari. Abin da ya fi damunsu shi ne auduga don masaƙun Lankasha da gyaɗa don matatun mai na Turai. A 1962, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona da aka fi sani da IAR, kuma ta yi aikin da ba a mantawa: irin dawa, da masara, da wake, da gyaɗa, da auduga masu ɗauke da harafin SAM a farkon sunansu duk daga nan suka fito. Amma waɗannan su ne manyan amfanin da aka ɗora mata alhakinsu. 'Ya'yan itatuwa da kayan lambu an damƙa su ne ga cibiyar NIHORT da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano. Inabi ya faɗo tsakanin gidaje biyu: yana girma a ƙofar Samaru, amma a takarda ba ɗanta ba ne.

Auduga kanta gargaɗi ce. An yi bincike, an yi iri, an kafa masaƙa a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, dubban mutane suka ci abinci. Da wutar lantarki ta gaza, yadin waje ya cika kasuwa, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, manomin auduga ya koma masara. Shi ya iya komawa, domin auduga shukar shekara guda ce. Wanda ya kashe dukiyarsa wajen kafa ginshiƙai, da jan waya, da haƙa rijiya, da jiran shekara biyu, ba shi da wannan sauƙin juyawa.

Tambayar Bomo

Bomo na da abubuwa uku da inabi ke so: ruwan rani, da sanyin hunturu, da manoma da suka san ban-ruwa tun kaka da kakanni. Tana da na huɗu da ƙauyuka kaɗan ke da shi a Najeriya, wato maƙwabtaka da jami'a mai tsangayar aikin gona, da IAR, da cibiyar malaman gona ta ƙasa, NAERLS, duk a tafiyar 'yan mintoci. Abin da ke yi mata barazana shi ne abin da ya yi wa Katsina, a sabuwar siga. Samaru da Sabon Gari na faɗaɗa, gonaki na komawa fulotai, kuma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ikon ƙasa na hannun gwamna ne a matsayin amana, yayin da manoman karkara da yawa ke riƙe da gonakinsu bisa gado ko aro ko haya, ba da takardar mallaka ba. Mai hayar fili na shekara guda zai shuka tumatir, ba zai dasa inabi ba, kuma yana da gaskiya. Haka nan matsalar tsaro da ta addabi sassan arewacin Kaduna a 'yan shekarun nan tana sa mai jari ya yi tunani sau biyu kafin ya binne kuɗinsa a inda ba zai iya kwashe su cikin dare ba.

Saboda haka abin da ake buƙata a bayyane yake, kuma babu ɗaya daga ciki da ba a taɓa yi a wani wuri ba. Ana buƙatar gonar gwaji ta dindindin da za ta tantance irin da ya dace da ƙasar Zazzau, domin mai sayen kanti ya saba da inabi marar ƙwallo, da saiwar da ta dace a yi masa aure da ita. Ana buƙatar koyar da feshi bisa ƙa'ida, domin inabi abu ne da ake ci da ɓawonsa. Ana buƙatar ɗakin sanyi mallakar ƙungiyar manoma, wanda hasken rana zai iya tafiyar da shi, da rumfunan shanya zabibi, aikin da busasshiyar iskar Fabrairu da Maris za ta yi kusan kyauta. Ana buƙatar yarjejeniyar haya mai tsawon shekaru, a rubuce, da shaidar masu unguwa da hukuma. Ziyartar gona ma, wadda Stellenbosch ta mai da sana'a, ba sai da giya take yiwuwa ba: iyalai daga Kaduna da Kano za su iya biya su tsinki inabi da hannunsu su sha ruwansa sabon matsa.

Mafi yawan waɗannan ayyuka ba na mai fartanya ba ne. Na lauya ne da zai rubuta yarjejeniyar haya, da injiniyan da zai haɗa ɗakin sanyi, da ma'aikacin banki da zai fahimci cewa bashin wata shida ba ya yi wa itacen da ke soma biya bayan shekara biyu, da malamin jami'a da zai zaɓi inabi ya ba ɗalibinsa ya bincika. Da yawansu suna kwana a Samaru, tsakaninsu da lambunan Bomo bai wuce tafiyar ɗan acaɓa ba.